Wa Ke da Alhakin Itacen da Aka Sare?

Kafin mu shiga wannan magana, ya mai karatu, ka buɗe Littafin Sarakuna na Fari, sura 17, ka karanta daga aya 8 zuwa 16. A can za ka tarar da annabi Iliya a ƙofar garin Zarefat cikin shekarun fari, ga kuwa wata gwauruwa tana tsintar ƙirare. Abin da ya rage mata a duniya ɗan gari ne cikin tukunya da ɗan mai cikin tulu, niyyarta kuwa ta dafa wa kanta da ɗanta abinci na ƙarshe. Mun saba da labarin saboda abin mamakin da ya biyo baya. Yau kuwa sai mu dubi ƙiraren da ke hannunta, gama gari ba ya zama tuwo sai da wuta, wuta kuma ba ta kamawa sai da abin da za ta ci. Mu lura kuma da wannan: farin da ya kai ta ga wannan hali daga al'amarin fadar sarki Ahab ya taso, ita kuwa a ƙasar Sidon ta ke, ko talakar Ahab ba ita ba ce. Abin da aka aikata a fada ya ƙetare iyaka ya same ta a bakin murhu.

Har wa yau irin matar nan tana tare da mu. Wanda ya bi hanyar Akwanga zuwa Keffi ya ga buhunan gawayi jere a bakin hanya, da tarin itacen da aka faskara yana jiran mota. Kowane buhu itace ne wanda dā yana tsaye a gonar wani ko a dajin gari. Tsofaffi su kan nuna maka fili su ce, a nan kurmi ne sa'ad da mu ke yara. Yanzu iska tana kwashe ƙasar sama da rani, ruwa yana tafiya da sauran da damina, gonar da ta saba cika rumbu biyu da ƙyar ta ke cika ɗaya.

Ga tambayarmu ke nan. Sa'ad da aka sare itace na ƙarshe a gona, ƙasa kuma ta lalace, a wuyan wa alhakin ya ke? Na matar da ta hura wuta ne, ko na saurayin da ya riƙe gatari, ko na masu mulki waɗanda shawararsu ta ke ɗaga farashin kananzir da gas? Ko kuwa akwai rabon da ya hau kanmu, mu da muka gani muka yi shiru?

I. Amanar da aka ba mutum

Littafin Farawa 2:15 ya ambaci aiki biyu da aka ba mutum cikin gonar Aidan. Kalma ta fari da Ibrananci, abad, ita ce noma, amma da ita kuma a ke faɗin hidimar da bara ya ke yi wa ubangidansa. Ta biyu, shamar, ita ce tsaro, irin na makiyayi ko na mai gadi. Da wannan kalma ta biyu Kayinu ya yi gardama cikin sura 4, sa'ad da ya tambaya ko tsaron ɗan'uwansa aikinsa ne. Ashe kalma ɗaya ce ta ɗaure mutum da gonarsa, ta kuma ɗaure shi da ɗan'uwansa. Hausa tana da suna mai kyau ga abin da aka danƙa maka domin ka amfana da shi, ka kuma mayar da shi lafiya: amana.

Shari'ar Musa ba ta bar wannan a matsayin wa'azi kawai ba, ta mai da shi doka. Cikin Littafin Firistoci, sura 25, aka umurci Isra'ilawa su bar gona ta huta a kowace shekara ta bakwai, aka kuma hana sayar da ƙasa sayarwa ta har abada, domin mai ƙasar na ainihi Allah ne, su kuwa masu zaman aro ne a kanta. Cikin Kubawar Shari'a 20:19-20 aka hana mayaƙa sare itatuwa masu ba da 'ya'ya ko da suna kewaye da birnin abokan gaba. Amma a nan ɗin kuma aka yarda musu su sare waɗanda ba a cin 'ya'yansu domin bukatar aikinsu. Watau sare itace ba zunubi ba ne a kan kansa. Abin da aka hana shi ne mutum ya biya bukatar yau da abincin gobe.

Kakannin mutanen ƙasar nan sun san wannan tun ba su ji sunan Musa ba. Su kan bar gona ta zama saura har ƙarfinta ya komo. In ana sassabe, a kan ƙyale ɗorawa da kaɗanya da kuka da tsamiya, gama daga cikinsu daddawa da man kaɗe da miya da kunu su ke fitowa. Yawan jama'a ya sa saura ta yi wuyar samu, amma hikimar da ta haife ta ba ta tsufa ba.

II. Amsoshi masu sauƙi

Akwai amsa guda wadda ta ke saurin zuwa bakin mai ilimi, ita ce: laifin talakawa ne, gama ba su san darajar itace ba. Mai faɗin haka galibi a gidansa da gas a ke dafuwa. Matar da ta ke tafiyar rabin yini neman itace ta fi shi sanin cewa daji yana ƙarewa, domin ƙafafunta ne su ke auna nisan kowace shekara. Abin da ba ta da shi wata hanyar dafa tuwo ce.

Akwai amsa ta biyu, wadda ta yi kama da tausayi: ba laifin kowa, yunwa ce. Amma mai manyan motoci da ke kwasar gawayi zuwa birni ba yunwa ce ta aike shi ba. Mai cinna wa daji wuta domin ya kama gafiya, har wutar ta cinye sabon tohon gonaki goma, shi ma ba za a ce dole aka yi masa ba. Banda haka kuma, wanda ya ce talaka ba shi da alhaki ko kaɗan ya raina shi, gama ya ɗauke shi kamar ba ya iya zaɓen kome.

Amsa ta uku ita ce wadda a ke ji a kowace tasha: laifin gwamnati ne. Akwai gaskiya a ciki, za mu kuwa zo gare ta. Amma a kan faɗe ta ne domin a rufe magana, kowa ya kakkaɓe rigarsa ya tafi. Masu iya magana sun ce, in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Domin mu raba alhakin bisa ga gaskiya, ya kamata mu dubi wani wuri inda aka sare itatuwa har suka kusa ƙarewa, daga baya kuma suka komo, mu ga abin da ya sāke a tsakani.

III. Abin da ya faru a ƙasar Maraɗi

Mu ƙetare iyaka zuwa Jamhuriyar Nijar, ƙasar Maraɗi, arewa da Katsina, inda manoma Hausawa su ke noman gero da wake a jigawa. A zamanin mulkin Faransa, cikin 1935, aka kafa dokar daji wadda ta sa dazuzzuka da waɗansu irin itatuwa masu daraja a hannun hukuma. Bayan samun mulkin kai a 1960 ba a rabu da wannan tsari ba, dokar daji ta 1974 ma sawunsa ta bi. Gawon da ya tsiro a tsakiyar gonar mutum ba shi da iko da shi; in ya datse reshe ba da izini ba, malamin daji yana iya cinsa tara.

Niyyar masu dokar ita ce su tsare itace, amma duba abin da ta haifa. Manomi ya ga ba riba cikin renon abin da zai jawo masa tara, sai ya riƙa tumɓuke shi tun yana ƙarami, kafin idon hukuma ya gan shi. Wanda ya bar nasa ya girma kuwa, wani ya kan zo da dare ya sare, gama kayan da ba na kowa ba na mai saurin hannu ne. Ga kuma koyarwar aikin gona ta wancan zamani, wadda ta ɗauki gonar da aka share tas a matsayin gonar manomin kirki. Sai farin 1968 zuwa 1974 ya zo ya tarar da ƙasa tsirara. Iska ta riƙa binne shuka da rairayi, har mutum ya yi shuka sau biyu ko uku a damina ɗaya. Mata kuwa suka koma ƙona karan gero da kashin shanu, watau abin da dā ya kan ruɓe ya zama taki.

Cikin 1981 wani masanin aikin gona daga Ostareliya, Tony Rinaudo, ya zo Maraɗi tare da mishan na SIM, aikinsa kuwa dashen itatuwa. Ya yi ta raba dashe ga ƙauyuka, amma yawancinsu suka mutu: rana ta ƙone waɗansu, awaki da gara suka ci waɗansu, rairayi ya binne saura. Wata rana cikin 1983 ya tsaya a hanya domin ya rage iskar tayar motarsa saboda yashi, sai idonsa ya faɗa kan ɗaya daga cikin 'yan tsire-tsiren nan da a ke sharewa kowace bazara. Da ya dubi ganyen sosai, ya gane toho ne daga kututturen itacen da aka sare tuntuni, saiwarsa kuwa tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Gonakin cike su ke da irinsa. Ashe dajin bai mutu ba, kansa kawai a ke aske wa kowace shekara.

Dabarar da ta fito daga nan ba ta bukatar kuɗi, a can kuwa sassaben zamani a ke ce da ita. Manomi ya zaɓi kututturen da ya ke so, na sabara ko kalgo ko magarya ko gawo, ya bar toho uku zuwa biyar mafi ƙarfi, ya datse saura, ya rage rassan ƙasa domin su miƙe. Da ya ke saiwar ta riga ta yi zurfi, tohon ya kan yi girma da sauri fiye da dashe, ba ya kuwa bukatar ban ruwa. Rassan da a ke datsewa kowace shekara su ne itacen dafuwa. Gawo kuma yana da wani hali na ban mamaki: da faɗuwar damina ya kan zubar da ganyensa, saboda haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya ruɓe ya zama taki, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa irin ƙarfin da a ke saya cikin buhun takin zamani, da rani kuwa 'ya'yansa abincin dabbobi ne. Wannan ba baƙon ilimi ba ne ga manoman yankin, gama a ƙasar Damagaram an daɗe ana noma a ƙarƙashin gawo.

Duk da haka sanin dabara bai isa ba. Manoma kaɗan da suka fara, dariya aka yi musu, aka ce gonarsu ƙazama ce. A yunwar 1984 aka riƙa ba da hatsi ga waɗanda suka yarda su bar itatuwa a gonarsu, dubbai suka yarda. Amma da hatsin ya ƙare, kashi mafi yawa na itatuwan aka sāke sarewa. Biyayyar da aka saya da mudu, da mudu ta ƙare. Abin da ya tsayar da aikin daga baya abu biyu ne. Na fari, aka roƙi shugabannin ma'aikatar daji na yankin su sassauta, domin wanda ya reni itace a gonarsa ya ci amfaninsa ba tare da tsoron tara ba, suka kuwa yarda. Na biyu, ƙauyuka suka kafa tsarin kansu. A Ɗan Saga, cikin ƙasar Agye, mutanen gari suka naɗa kwamitin tsaron itatuwa, da maza da mata da makiyaya a ciki, suka yanka ƙa'ida, suka sa tara a kan mai satar itace. Sannu a hankali dokar ƙasa ta biyo bayan abin da talakawa suka riga suka yi: aka yi sabon tsarin dokar karkara a 1993, da sabuwar dokar daji a 2004, a 2020 kuma gwamnati ta fitar da umurnin da ya tabbatar wa manomi hakkinsa a kan itatuwan da ya rena a gonarsa.

Masu binciken da suka gwada hotunan sama na dā da na baya sun ƙiyasta cewa wajen hekta miliyan 5 na gonakin kudancin Nijar sun sāke samun itatuwa, kimanin miliyan 200, sun kuma ƙiyasta a 2009 cewa hatsin da a ke samu ya ƙaru da wajen tan 500,000 kowace shekara. Kada mu zarce gaskiya, gama talauci bai bar Nijar ba, yunwa kuma ta komo Maraɗi a 2005. Amma gidan da ke da itatuwa yana da itacen wuta da harawar da zai sayar ya sayi hatsi.

Yanzu sai mu tambaya, mene ne ya sāke? Mutanen su ne na dā, talaucinsu shi ne na dā. Manomin da ya tumɓuke gawo a 1975 da wanda ya rene shi a 1995, wataƙila mutum ɗaya ne. Abin da ya sāke shi ne an mayar masa da amanar, maƙwabtansa kuma suka ɗaura alkawari su tsare ta tare da shi. Daga wannan mun koyi cewa doka tana iya sa aikin kirki ya zama hasara ga mai yinsa, tana kuma iya buɗe masa hanya. Doka kuwa ba daga sama ta ke faɗowa kamar ƙanƙara ba. Mutane ne su ke yin ta, mutane kuma su ke gyara ta in an matsa musu.

IV. Daga Abuja zuwa murhu

Mu komo gida. Ba ƙasar da ta fi Nijeriya arzikin iskar gas a ƙarƙashin ƙasa duk Afirka. Tun 1979 aka yi doka domin a daina ƙone gas a banza a wuraren haƙar mai, aka sa wa'adin 1984. Wa'adin ya wuce, aka yi ta ɗaga shi, wutar kuwa ba ta mutu ba a yankin Neja Delta. A ƙasar da a ke ƙone gas a sararin sama, yawancin gidajen karkara da itace su ke dafuwa. Cikin 2016 aka janye tallafin kananzir. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur. Litar da a ke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce 1,000 a wurare da yawa. Kuɗin dako ya tashi, darajar naira ta faɗi, gas da kananzir suka yi tsada, gidaje da yawa a birane suka ajiye tukunyar gas suka koma ga gawayi.

Ba aikin wannan darasi ba ne ya yanke hukunci a kan janye tallafi, gama masu goyon bayansa suna da hujjojinsu, masu ƙinsa ma haka. Abin lura shi ne, shawarar da aka yanke a Abuja a kan kututture ta ke ƙarewa, kamar yadda al'amarin fadar Ahab ya ƙare a murhun gwauruwa. Ba daji kaɗai ke biyan kuɗin ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin cikin gida, irin na itace da gawayi da kananzir, ya yi sanadin mutuwar mutane wajen miliyan 3.2 a duniya, mata da ƙananan yara kuwa su ne su ka fi daɗewa a gindin murhu.

Ba kuwa a rasa tsare-tsare a rubuce ba. Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa a 2007, Nijeriya ta kafa masa hukuma a 2015 domin jihohi 11 na arewa, a 2021 aka sa hannu a dokar sauyin yanayi. Amma abin da aka koya a Maraɗi ya shafe su duka: dashen da ba mai shi ba ya rayuwa, takardar da ba mai bin sawunta kuma a cikin akwati ta ke tsufa.

V. Taron Nehemiya

Ka buɗe Littafin Nehemiya, sura 5. Ana tsakiyar ginin garun Urushalima sai kuka ya tashi daga talakawa da matansu. Saboda yunwa waɗansu sun jinginar da gonakinsu domin su sami hatsi, waɗansu sun ci bashi domin su biya harajin sarki, har 'ya'yansu suna shiga bauta. Mu lura da yadda abin ya bi. Talakawa ne suka fara ɗaga murya, an kuwa ambaci matan musamman. Nehemiya ya yi fushi, amma sai da ya yi shawara da zuciyarsa kafin ya buɗe baki. Sa'an nan ya kira babban taro, ya fuskanci manya a gaban jama'a, ya faɗi abin da ya ke nema filla-filla, watau a mayar da gonaki nan take, ya kuma sa suka rantse a gaban firistoci. Bai ware kansa ba, gama ya yarda shi da mutanensa ma suna ba da rance, shekara 12 kuwa bai karɓi abincin da a kan ba mai mulki ba.

Mu ma ba mu rasa ƙofofin taro ba. Sashe na 20 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati tsaron ruwa da iska da ƙasa da daji, sashe na 14 kuma ya ce jama'a su sa hannu cikin mulkinsu. Dokar 'yancin samun bayani ta 2011 ta ba ɗan ƙasa iko ya rubuta wa ma'aikata ya nemi bayani, ta kuma ba ma'aikatar kwana 7 ta amsa. Majalisun dokoki su kan yi zaman jin ra'ayin jama'a. Akwai ƙananan hukumomi 774, kowace mazaɓa da kansilanta. Kusa da waɗannan duka akwai mai unguwa da dagaci, waɗanda maganarsu a kan dajin gari ta kan fi ta nesa ƙarfi.

VI. Abin da a kan ce

Wani ɗan'uwa zai ce, mu baƙi ne a duniya, ina ruwanmu da waɗannan? Ka karanta Irmiya 29:4-7. Waɗanda aka kai bauta Babila baƙi ne na gaske, ƙasar ma ta abokan gabansu ce, duk da haka aka umurce su su dasa gonaki, su nemi lafiyar birnin. Baƙon kirki ba ya ƙone dangar mai masaukinsa.

Wani zai ce, wannan siyasa ce, siyasa kuwa tana raba ekklesiya. Lalle ba daidai ba ne a mai da bagade wurin tallan jam'iyya. Amma tambayar wa zai mallaki itacen gona, da ina kuɗin dashe ya tafi, ba ta da jam'iyya. Zaizayar ƙasa kuma ba ta tambayar addinin mai gona. A wuraren da jini ya zuba tsakanin manoma da makiyaya, kamar yadda muka gani a Filato da Binuwai, zama tare a kan maganar itace da ruwa abu ne mai wuya ƙwarai, ba kuwa za mu raina zafin waɗanda suka binne nasu ba. Amma ƙa'idar da aka yanka ba da makiyayi ba, ba ta ɗaure sandarsa.

Wani kuma zai ce, mun yi magana, ba a ji. Gaskiya ne, sau da yawa ba a ji. Daga 1983 zuwa umurnin 2020 shekara 37 ke nan, waɗansu daga cikin manoman da aka yi wa dariya ba su ga ƙarshensa ba. Da sun jira doka kafin su fara, da doka ba ta sami abin da za ta tabbatar ba.

VII. Rabon alhaki

Yanzu muna iya amsa tambayarmu. Ma'aunin yana cikin Luka 12:48: gwargwadon abin da aka danƙa wa mutum a ke binsa. Matar da ba ta da wata hanyar dafuwa, rabonta shi ne mafi ƙanƙanta. Manomin da ya san kututture yana da rai, ya kuwa ƙone shi domin gudun dariyar maƙwabta, yana da nasa. Mai fataucin gawayi wanda ya ke kwasa ba ya mayarwa, nasa ya fi wannan. Masu yin doka da masu tsara farashi, nasu ya fi duka nauyi, gama alƙalaminsu ya kan sare fiye da gatari dubu. Saura mu, masu karatu da rubutu, masu wurin taro kowane mako, waɗanda dagaci ya kan saurara wa. In an ba mu baki muka kulle shi, amsar Kayinu muka bayar.

Saboda haka, 'yan'uwa, kafin sassaben bazara mai zuwa, bari kowace ƙungiyar nazari ta zaga gonar ekklesiya da gonakin membobinta, a ƙirga kututtura masu rai, a zaɓi waɗanda za a rena. Bari zumuntar mata ta faɗi nisan da a ke tafiya neman itace da kuɗin da gawayi ke ci a wata, gama su ne masu wannan lissafi. Sa'an nan a kai maganar wurin mai unguwa, a roƙe shi ya kira taro da limami da arɗo da masu sana'ar gawayi, a yanka ƙa'idar da kowa ya ji da kunnensa. Abin da ya fi ƙarfin gari kuwa, a rubuta shi a takarda da ladabi, a kai wa kansila da ɗan majalisa, a riƙe kwafi, a koma a tambaya.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne itatuwa ne iyayenku ba su sarewa in ana sassabe? Nawa suka rage a gonakinku?

2. A garinku, in mutum ya reni itace a gonarsa, ya tabbata shi zai ci amfaninsa? In gonar aro ce fa?

3. Cikin Nehemiya sura 5, me ya sa aka kira babban taro maimakon a yi wa manya magana a ɓoye?

4. Wane ne a garinku ya kamata ya zauna a irin wannan taro, wanda ba ku taɓa kiransa ba?